M.D. Yusufu: Ɗan Gidan Dikko da Ya Riƙe Asirin Ƙasa

A makon ƙarshe na Yulin 1975, Janar Yakubu Gowon yana ɗaure kayan tafiya Kampala taron shugabannin Afirka, sai shugaban sashen ’yan sandan ciki ya je masa da magana mai nauyi. Wasu hafsoshi na ƙulla juyin mulki, kuma a cikinsu har da Kanar Joseph Garba, kwamandan rundunar da ke gadin shi kansa shugaban ƙasa a barikin Dodan. Gowon ya kira Garba ya tambaye shi, Garba ya musanta. Dukansu ’yan yankin Filato ne, kuma Gowon ne da kansa ya ɗaga shi ya damƙa masa tsaron ƙofarsa. Ya gaskata yaronsa, ya hau jirgi. Da safiyar 29 ga Yuli muryar Garba ce ta fito a gidan rediyon Legas tana sanar da cewa mulkin Gowon ya ƙare. A zauren taro a Kampala aka raɗa wa Gowon labarin.

Wanda ya kai wannan gargaɗi shi ne Muhammadu Dikko Yusufu, mutumin Katsina, wanda Najeriya ta fi sani da M.D. Yusufu. Abin da ya biyo baya ne ya sa har yau ake tattauna shi. Hafsoshin nan da ya tona wa asiri, da suka karɓi mulki suka ɗora Murtala Muhammed, ba su kore shi ba. Shi suka naɗa Sufeto Janar na ’yan sandan Najeriya a madadin Kam Selem, suka kuma ba shi kujera a Majalisar Ƙoli ta Soja.

Akwai masu ganin wannan da alamar tambaya, suna cewa mai gidan da ya faɗi da bawan da ya samu ƙarin girma ba sa haɗuwa a labari ɗaya sai da walakin. Ni ban ga haka ba. Aikin ɗan sandan ciki shi ne ya sani, ya faɗa wa shugabansa gaskiya a kan lokaci, ko da gaskiyar ta taɓa na kusa da shi. M.D. ya yi wannan har da kama suna. Ba shi da bataliya ko tankar yaƙi, hukunci kuwa na Gowon ne. Su kuma sababbin masu mulkin, da Shehu Musa ’Yar’aduwa ɗan garin su M.D. a cikinsu, sun ga abin da duk mai hankali zai gani: mutumin da ya gano su tun suna raɗa, ya fi amfani a gefensu.

Mutanen Nijar suna da labarin da za su auna wannan da shi. A Oktoban 1983 Janar Seini Kunce yana Vittel a Faransa wajen taron Faransa da ƙasashen Afirka, aka yi yunƙurin kifar da shi a Yamai. Wanda aka ɗora wa alhakin shirya abin shi ne Amadu Umaru Bonkano, mai ba shi shawara kan tsaro, wanda kunnuwan gwamnati ke hannunsa, wanda ambaton sunansa kaɗai kan sa a rage murya a tashar mota daga Yamai har Damagaram. Yunƙurin bai yi nasara ba, Bonkano ya tsere daga ƙasar. Shugabanni biyu sun bar gida zuwa taro, kowanne ya bar mai riƙe masa asiri a baya. Ɗaya ya kai wa ubangidansa abin da ya sani, ɗayan ya juya abin da ya sani a kan ubangidan nasa. Duk wanda ke son fahimtar darajar M.D. a idon tsararrakinsa, daga nan ya kamata ya fara.

Daga dogari zuwa ɗan doka

An haife shi ranar 10 ga Nuwamban 1931 a Katsina, a zuri’ar Sarki Muhammadu Dikko, sunansa ma aka sa masa. Gidan da ya tashi a ciki gida ne da harkar tsaro take cikin aikin yau da kullum, kuma dalilin haka yana komawa ga shekarar 1906, shekarar da ta raba hanyar Katsina da ta Damagaram.

A shekarar ne Turawan Ingila suka sauke Sarkin Katsina Yero suka ɗora Dikko, sarauta ta koma gidan Sulluɓawa. A shekarar ce kuma Faransawa suka zargi Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa da ƙulla musu tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi gudun hijira, suka bar gari a hannun Ballama. Sai a 1923 aka mayar da sarautar, aka naɗa Barma Mustafa. Daular da Tanimu ɗan Sulaimanu ya kewaye da ganuwa, ya tara mata dubban bindigogi har ana ƙera igwa a cikin birni, ta wayi gari ikon kamu da ɗauri ya koma hannun kumandan da gardinsa. Dogaran fada sun saura, amma ƙarfinsu ya ragu ƙwarai. Har gobe in ka je ƙofar fadar Damagaram a unguwar Birni ranar hawan salla za ka gan su, da manyan riguna ja da kore, rawani ya rufe har haɓa, bulala a hannu, suna buɗe wa sarki hanya suna yi masa kirari. Kwarjininsu na nan. Amma in aka yi sata a kasuwar Dole, wurin polis ko jandarma ake kai ƙara.

Ingilishi ya bi wata hanya dabam. Ya bar wa sarki dogarai da alƙalai da gidan yari, daga baya ya tsamo wata runduna daga cikinsu ya ba ta kaki da horon fareti, wadda aka zo aka sani da ’yan doka. Shugabancin rundunar kuwa sau da yawa ɗan sarki ake ba. Usman Nagogo ya shugabanci ’yan dokan Katsina kafin ya gaji mahaifinsa Dikko a 1944. Ado Bayero ya yi Wakilin Doka a Kano kafin ya zama sarki a 1963. Saboda haka a Arewacin Najeriya ɗan sarauta ya shiga aikin ɗan sanda ba baƙon abu ba ne.

Sai dai ’yan doka suna da tabonsu, kuma dattawan da suka yi NEPU ba su manta ba. Tun da aka kafa jam’iyyar a Kano a Agustan 1950, ɗan doka da kotun alƙali su ne sandar da ake dukan ’yan hamayya da ita. A hana ka izinin lacca, in ka yi a kama ka, a ce ka zagi sarki, a ɗaure ka wata uku ko shida. M.D. ya fara aiki a En’e ta Katsina, ya ga wannan tsari daga cikinsa, kuma an san shi tun yana matashi da karkata ga ra’ayin Malam Aminu Kano. Ɗan gidan sarauta mai tausayin ’yan NEPU: wannan saɓani ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma ina jin shi ne ya hana shi zama irin ɗan sandan da ke ɗaukar duk mai sukar gwamnati a matsayin maƙiyin ƙasa.

Bai shiga ɗan sanda ta ƙofar kurtu ba. Daga En’e ya koma aikin mulki na gwamnatin Jihar Arewa, sannan a farkon shekarun 1960, lokacin da Turawa ke tattara nasu ya nasu ana neman ’yan ƙasa masu ilimi su maye gurbinsu, aka mayar da shi rundunar ’yan sanda da babban muƙami, aka sa shi a sashen ciki, wanda a tsarin rundunar ake kira sashen E. Aikin sashen shi ne sauraro: jam’iyyu, ƙungiyoyin ƙwadago, ɗalibai, baƙi, har da barikin soja.

Shekarun nan iyakar Kano da Damagaram ba ta kwana lafiya ba. Jam’iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, wadda ta ce a’a ga Faransa a ƙuri’ar raba gardama ta Satumban 1958 aka kuma haramta ta a 1959, tana da magoya baya da yawa a ƙasar Damagaram, kuma mutanenta da dama a Kano suka fake, a wurin ’yan’uwansu na NEPU. A Oktoban 1964 mayaƙanta suka kutsa Nijar ta kan iyakoki, gwamnatin Jori Hamani ta murƙushe su da tsananin da har yau wasu gidaje ba sa son tunawa. Gwamnatin Sardauna a Kaduna da ta Jori a Yamai ido ɗaya suke kallon ’yan hamayyar nan da shi. A irin wannan yanayi M.D. ya koyi sana’arsa, inda wanda kake sa wa ido ta yiwu harshenku ɗaya, ƙila ma kana ganin gaskiyarsa a wani abin.

Juyin mulki biyu na 1966 da yaƙin basasa sun ɗaga martabar ’yan sanda, domin soja ya yi ƙaranci, sai ya jingina da su. Da Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, manyan ’yan sanda ya ba wasu: Audu Bako a Kano, Usman Faruk a Arewa maso Yamma, Joseph Gomwalk a Binuwai-Filato. A ƙarshen shekarun 1960 kuma aka rushe ’yan doka aka narkar da su cikin rundunar tarayya. Talakan da ya sha bulalarsu ya yi murna. Abin da ba a lissafa ba a lokacin shi ne, ɗan doka ya san kowane lungu da kowane ɓarawon unguwa da sunan uwarsa, wanda ya gaje shi kuwa ana iya turo shi daga inda bai taɓa jin Hausa ba.

Shekara huɗu a kan kujera

Mulkin Murtala ya zo da guguwa. An sallami ma’aikatan gwamnati fiye da 10,000 cikin ’yan watanni, da mai laifi da wanda tsautsayi ya faɗa wa, kuma rundunar ’yan sanda ba ta tsira ba. An binciki gwamnonin Gowon 12, biyu kaɗai suka fita ba tabo. M.D. yana cikin majalisar da ta zartar da waɗannan abubuwa, don haka yabon da ake yi wa zamanin yana da kaso a ciki, haka ma zargin cewa korar ta karya gwiwar ma’aikata ta koya musu tara abin gobe tun suna kan kujera.

Sai ranar 13 ga Fabrairun 1976, Laftanar Kanar Buka Suka Dimka da mutanensa suka harbe Murtala a cunkoson motoci a Legas. Wannan karon kunnen gwamnati bai ji ba, ko kuma ya ji bai isa ya hana ba. Dimka ya ɓace kusan mako uku kafin a kama shi a yankin Abakaliki. A watan Maris aka harbe mutum 32, cikinsu har da Manjo Janar Iliya Bisalla. A watan Mayu aka harbe wasu bakwai, ciki har da Dimka da Joseph Gomwalk. Gomwalk kwamishinan ’yan sanda ne, abokin aikin M.D. a runduna ɗaya, kuma har yau mutanen Filato da yawa ba su yarda an yi masa adalci ba. Majalisar Ƙoli ce ta tabbatar da hukuncin. Wannan nauyi ne da duk wanda ya zauna a teburin yake ɗauke da shi, ba a cire M.D. ba.

Kisan Murtala ya jawo sauyin da ya fi kowanne tasiri a aikin da M.D. ya ƙware a kai. Gwamnatin Obasanjo, wanda ya gaji Murtala, ta kafa hukumar tsaron ƙasa ta NSO da doka ta 27 ta 1976, ta cire aikin leƙen asiri daga hannun ’yan sanda, ta ba Kanar Abdullahi Mohammed shugabancinta. Bayansa Umaru Shinkafi, shi ma ɗan sanda, ya riƙe ta a zamanin Shagari, kuma a 1986 Babangida ya raba ta uku, daga ciki aka samu hukumar da jama’a ke kira SSS. Wato a zamanin mutumin da ya fi kowa sanin amfanin sashen ciki ne rundunar ta rasa shi. A ganina daga nan ’yan sandan Najeriya suka fara zama masu zuwa bayan ɓarna ta auku. Rundunar da ba ta da kunne sai ta koma dogaro da shinge a kan hanya da kamen kan mai uwa da wabi.

Ba a gama zamaninsa ba sai da jinin ɗalibai ya zuba. A Afrilun 1978 gwamnati ta ƙara kobo 50 a kuɗin abincin ɗaliban jami’a na kowace rana, ƙungiyar ɗalibai ƙarƙashin Segun Okeowo ta fito tana neman a sauke kwamishinan ilimi Kanar Ahmadu Ali. A Jami’ar Legas harsashin ’yan sanda ya kashe ɗalibi Akintunde Ojo. A Samaru ta Zariya sojoji suka buɗe wuta suka kashe wasu. Masu ƙaunar M.D. sukan tsallake wannan babi su tafi kan abotarsa da mawaƙi Fela Kuti, wanda gwamnatin da M.D. ke ciki ta ɗauka abokin gaba, har sojoji suka ƙona masa gida a Fabrairun 1977. Abotar gaskiya ce, kuma tana nuna faɗin zuciyarsa. Amma ɗalibin da ya mutu a Jami’ar Legas, ’yan sandan da ke ƙarƙashin umarninsa ne suka harbe shi, kuma tarihin Sufeto Janar ba ya cika in an bar wannan a waje.

Da soja suka miƙa wa Shehu Shagari mulki a Oktoban 1979, M.D. ya ajiye kaki yana ɗan shekara 47, Adamu Suleiman ya gaje shi. Ya koma Katsina, ya kafa tutar jam’iyyar PRP a ƙofar gidansa, a garin da manyansa suka fi karkata ga jam’iyyar NPN.

Tsohon ɗan sanda a gaban Abacha

Abin da ya fi ɗaukaka sunansa a wurin ’yan baya ya faru ne shekara kusan ashirin bayan ritaya. A 1998 Janar Sani Abacha yana shirin cire kaki ya gaji kansa. An rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995, an harbe Kudirat Abiola a titin Legas a Yunin 1996, Shehu Musa ’Yar’aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamban 1997. Jam’iyyu biyar gwamnati ta yi wa rajista, waɗanda Bola Ige ya kira yatsu biyar na hannun kuturu, kuma kowa ya san inda aka dosa. Manyan ’yan siyasa da ke da burin takara sun janye ɗaya bayan ɗaya.

A wannan lokaci M.D. Yusufu ya fito ya ce yana neman shugabancin ƙasa a jam’iyyar GDM. Ba wanda ya fi shi sanin abin da hukumomin tsaro ke iya yi wa mutum, domin shi ya taɓa riƙe irin fayilolin da ake buɗe wa masu taurin kai. Ya buga fastoci, ya yi hira da ’yan jarida, ya je babban taron jam’iyyar a Maiduguri a watan Afrilu. A can aka yi abin da aka shirya, GDM ta bi sahun sauran huɗun ta tsayar da Abacha. M.D. bai samu tikiti ba, amma ya hana a ce duk Najeriya, balle Arewa, baki ɗaya ta amince. Ranar 8 ga Yuni Abacha ya rasu. Na daɗe ina ganin wannan tsayuwa ita ce ci gaban abin da ya yi a 1975: ya sake faɗa wa mai mulki abin da ba ya son ji, wannan karon a bainar jama’a, ba tare da kaki ko ofis da zai kare shi ba.

Akwai kuma inuwar da ta biyo shi daga wannan zamani. Gwamnatin Abacha ce ta naɗa shi shugaban hukumar gudanarwar kamfanin iskar gas na NLNG, a daidai lokacin da aka ba gungun kamfanonin TSKJ kwangilar gina masana’antar tsibirin Bonny. Daga baya bincike a Faransa da Amurka ya tono cewa an ware kimanin dala miliyan 180 don sayen manyan Najeriya ta hannun wani lauya ɗan Ingila, Jeffrey Tesler, wanda kotun Amurka ta ɗaure a 2012. Sunan M.D. ya fito cikin waɗanda kuɗi ya shiga hannunsu daga Tesler. Shi ya ce rance ne, kuma babu kotun da ta same shi da laifi. Duk da haka, shugaban kamfanin da ke ba da kwangila ya karɓi rance daga dillalin masu neman kwangilar abu ne da tsohon shugaban ’yan sandan ciki ya fi kowa sanin yadda za a fassara shi.

Ya kafa jam’iyyar MDJ, ya tsaya takara a 2003 bai kai ko’ina ba. Ya shugabanci ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa, ACF, a farkon kafuwarta a 2000. Aikinsa na ƙarshe ga rundunar da ya baro shi ne kwamitin gyaran ’yan sanda da Shugaba Umaru Musa ’Yar’aduwa ya ba shi a 2008. Rahoton bai ɓoye komai ba: ƙarancin kuɗi da kayan aiki, horo maras inganci, barikoki da suka lalace, ɗaukar aiki ta hanyar alfarma, da jama’ar da ta daina yarda da mai kaki. Kafin nasa an yi kwamitin Muhammad Ɗanmadami a 2006, bayan nasa aka yi na Parry Osayande a 2012, kuma duk ciwo ɗaya suka gano. Maganin ne ba a saya ba.

Wanda ke son ganin sakamakon, ya hau motar haya daga Damagaram ta Matamaye, ya ƙetare a Ɗan Barto da Kwangwalam, ya nufi Daura. Zai ga direba tun daga nesa ya rage gudu, ya zaro takardar kuɗi ya naɗe ta a tafin hannu, ya miƙa ta taga ba tare da ya tsaya sosai ba, mai bindiga ya ja katakon ƙusoshi gefe. Ba a buɗe but ba, ba a tambayi kowa daga ina ba. Fasinjoji ba sa ma katse hirarsu. Wannan ba a gefe ɗaya na iyaka kaɗai ake yin sa ba, kuma wanda ke tsaye a ranar nan sau da yawa shi ma abin tausayi ne, albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Amma shingen da kuɗi ke buɗewa, yana buɗuwa ga mai buhun gero da mai buhun harsashi.

M.D. Yusufu ya rasu ranar 1 ga Afrilun 2015 yana da shekara 83, a ranar da aka bayyana wani ɗan jiharsa, Muhammadu Buhari, a matsayin zaɓaɓɓen shugaban ƙasa. Bai ga zanga-zangar matasa kan rundunar SARS ta Oktoban 2020 ba, bai kuma ga sabuwar dokar ’yan sanda ta shekarar ba, wadda ta maye gurbin ta Turawa ta 1943. Bai ga yadda ’yan bindiga suka mamaye ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana har dubban mutane suka tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka ba.

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 214, ya kafa rundunar ’yan sanda ɗaya tak ga ƙasar baki ɗaya, kamar yadda na 1979 ya yi, wanda gwamnatin da M.D. ke ciki ta sa wa hannu. Amma a Oktoban 2023 gwamnatin Katsina ta ƙaddamar da rundunar sa-kai ta jiha, matasan da aka ɗebo daga garuruwansu aka horar aka mayar da su can, saboda sun san daji sun san mutane. Zamfara ta bi sahu da Askarawa a farkon 2024. Hujjar da ake bayarwa ita ce wadda ake yabon ɗan doka da ita a da, tsoron da masu adawa ke bayyanawa kuma shi ne wanda ’yan NEPU suka ɗanɗana a jikinsu: ranar da gwamna zai juya su kan abokan hamayyarsa a shekarar zaɓe.